Yadda Za Ka Gina Wuraren Ziyarar Jarumin Almara a Labarinka

Ranar wata Asabar, a teburin mai shayin da muke zama a Agege, can wajen layin dogo, wani ƙanena a harkar rubutu ya miƙo min wayarsa. Gyaran waya yake yi da rana, da daddare kuma ya riƙa zuba labarin yaƙi a guruf ɗin WhatsApp, shafi-shafi, masu karatu na ta roƙon ƙari.

"Yaya, don Allah duba min babin nan. Yau ayarina ya isa hubbaren jarumin."

Na karanta. Gini ne na zinare zalla, ƙofofi saba'in, haske na tashi har sararin samaniya, dakaru dubu na gadi. Na ajiye wayar kusa da kofina.

"Wa ke share wurin?"

"Haba Yaya, wace irin shara kuma? Wuri ne fa mai tsarki."

"To ai shi ya sa. Inda jama'a ke tururuwa, nan shara ke taruwa. Wa ke sharewa, nawa ake ba shi, ina yake zubarwa?"

Ya yi tsuru. Abin da na gaya masa a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, domin duk mai rubuta labarin da ƙasarsa da mutanensa da tarihinsa daga kansa suka fito. Jarumi dai ya mutu ya huta. Waɗanda ya bari su ke gina masa wuri, kuma kowannensu da abin da yake nema a ciki.

Mataki na ɗaya: me ya yi wa talaka?

Kafin ka ɗora tubali ko ɗaya, rubuta aikin jarumin a layi guda. In ya wuce layi guda, ba ka gama tunani ba. Aikin kuma ya kasance ya taɓa tukunyar mutane ko barcinsu. Dubi labarin Bayajidda: an ce ya fito daga Bagadaza, ya zauna a Barno, maƙeran Gaya sun ƙera masa wuƙa, amma abin da ya riƙe sunansa a bakin yara shi ne ruwa. Macijiya ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, baƙo ya zo cikin dare ya sare mata kai, gari ya waye kowa na jan guga. Maƙwabtanmu Yarbawa ma haka suke tuna Moremi ta Ile-Ife: ta bari maharan da suka addabi garin suka kama ta, ta gano cewa dodannin nan mutane ne sanye da ganyen tukurwa, ta dawo ta ce a tare su da wuta. Mutane suka samu barci.

Bari in ƙirƙiro nawa, mu tafi da shi har ƙarshe. Sunansa Mai Gora, matuƙin kwale-kwale ne a wata ƙasa ta tafkuna da tsibirai. Layinsa guda: shi ya tsallakar da mutanensa babban tafki a dare ɗaya, sa'ad da fari da azzalumin sarki suka koro su. Shi ke nan. Yaƙe-yaƙensa da matansa da dokinsa duk su biyo baya.

Mataki na biyu: me ya bari da za a taɓa da hannu?

Mai ziyara yana son abin da zai dafa. Nan ne marubutanmu ke zarcewa da zinare da lu'ulu'u, alhali wuraren gaske ƙananan abubuwa ne ke riƙe da su. Kusugu rijiya ce, in ba a gaya maka ba za ka ɗauke ta kamar kowace tsohuwar rijiya. A Ile-Ife akwai sandar Oranmiyan, wani jarumin sarkin Yarbawa, dogon dutse siriri da ya haura mita 5, an kafa masa ƙusoshin ƙarfe a jiki. A wani ƙaulin, an ce ya yi wa mutanensa alkawarin dawowa in yaƙi ya taso, suka kira shi ba gaira ba dalili, ya fito yana sara, sai da ya ga nasa yake kashewa ya soke sandarsa a ƙasa ya ɓace. Dutse ɗaya, amma ga alkawari, ga wauta, ga nadama a jikinsa.

Wani lokaci ma abin ya riga ya tafi, gurbinsa ake ziyarta. A Badagry akwai wata bishiya, Agia, wadda a ƙarƙashinta aka fara wa'azin Kirista a garin a 1842. Iska ta kayar da ita a 1959, aka kafa ginshiƙi a inda take, har yau ana kai baƙi su tsaya a wurin.

Saboda haka zaɓi abu uku ko huɗu, kada ka wuce. Na Mai Gora ga su: Mashigi, wato gaɓar da ya tura kwale-kwalen farko, Kurmin Gora, inda ya soke sandar tuƙinsa a laka ta tsiro ta zama daji, Dutsen Gwiwa, wani falalen dutse mai rami biyu, an ce nan ya durƙusa da ya waiwaya ya ga ƙanwarsa ba ta cikin waɗanda suka tsallako. Sai kabarinsa, wanda zan dawo kansa, don akwai rigima.

Lura da Dutsen Gwiwa. A cikin wuraren, tilas ɗaya ya zama na asara. Inda jarumi ya ci nasara ana kiɗa, inda ya yi rashi ana kuka, kuma mai karatu a wajen kukan yake tsayawa.

Mataki na uku: zana hanya, ka auna ta da ƙafa

Ɗauki takarda da biro, ajiye waya. Sa ɗigo a kowane wuri, ka ja layi tsakaninsu, ka rubuta kwana nawa ake yi. Mai lafiya marar kaya zai iya cin kilomita 25 zuwa 30 a yini. Ayarin da ke da tsofaffi da masu goyo da jakuna ba zai yi haka ba, rage masa sosai. Duk inda yini ya ƙare ka sa zango, kowane zango kuma ka amsa tambaya uku: ina ruwa, ina itace, wa ke karɓar kuɗin kwana. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro haka suka tsara tafiyarsu, ga madugu, ga jagaba a gaba, ga zangon da kowa ya sani. Aro tsarinsu, ya fi duk abin da za ka ƙago.

Ka kuma tsayar da lokaci. Da damina ake zuwa ko da rani? A ƙasar Mai Gora sai ruwa ya ja baya Dutsen Gwiwa ke bayyana, wata biyu kacal a shekara. Wannan kaɗai ya ba ni cunkoso, tsadar kwale-kwale, da tsohuwar da ta makara da kwana uku ta tarar ruwa ya rufe dutsen.

Abin da ya koya min darajar hanya shi ne zuwa Gberefu a Badagry, inda ake kira wurin da ba a dawowa. Daga gari ake shiga jirgin ruwa a tsallaka, sai a sauka a kama tafiya cikin rairayi zuwa bakin teku, hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Rana ta take, yashi na shiga takalmi, tun muna hira har kowa ya yi gum. A tsakiyar hanya akwai wata 'yar rijiya, mai yi mana jagora ya ce ruwanta ake ba bayi su sha don su manta gida. Na leƙa. Ruwa ne baƙi-baƙi, ganye na yawo a kai. Wani dattijo da muke tare ya cire hularsa ya share zufa, ya ce a hankali, "Allah Ya jiƙan na gaba." Da mota ta sauke mu a bakin rijiyar nan, da hoto kawai za mu ɗauka mu wuce. Tafiyar ce ta dafa mu kafin mu isa. To ka gajiyar da mai ziyararka. Ƙafarsa ta yi bororo, guzurinsa ya ƙare, ya yi faɗa da abokin tafiya a kan gora ɗaya ta ruwa.

Mataki na huɗu: wa ke riƙe da makulli?

Kowane wuri da mai shi. A tarihin Kano an ba da labarin Barbushe, wanda shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura a Dala, ya fito ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Wanda duk ya shiga ba shi ba, an ce mutuwa zai yi. Ka ga iko ke nan, tunda ba mai iya ƙaryata shi. Shi ya sa sarakunan da suka zo daga baya suka daɗe suna fafatawa da masu riƙe da wannan asiri. A Osogbo kuma, a bikin kogin Osun da ake yi cikin watan Agusta, budurwa ce daga gidan sarauta, Arugba, ke ɗaukar ƙwaryar hadaya zuwa kurmi, dubban mutane na biye da ita. Nauyin gari kacokan a kan yarinya ɗaya.

Tambayi kanka: gado ake yi ko naɗi? Mace ce ko namiji? Me aka hana shi? Mai tsaron Kurmin Gora a wurina ba ya taɓa tsallaka ruwa, daga ranar da aka naɗa shi har mutuwa. Mutumin da ke tsaron sunan matuƙi, ga shi an hana shi shiga jirgi. Ɗansa na fari kuwa ba abin da yake so a duniya irin ya ga abin da ke ƙetare. Ban nemi wannan rikici ba, dokar ce ta haifo shi.

Kada ka manta da na ƙasa da shi: mai shara, mai jan ruwa, makaɗi, makahon da ke rera tarihin jarumi a bakin ƙofa. Su suka san inda rufi ke yoyo.

Mataki na biyar: me ake yi, me aka hana?

Rubuta abin da mai ziyara ke yi tun daga isowa har fita, da gaɓoɓinsa: me ya cire, me ya ɗauka, ina ya fuskanta, me ya furta, me ya bari. Uku ko huɗu sun isa. A Mashigi ana shiga ruwa zuwa idon sawu, a kira sunan wani da aka baro a gida. A Kurmin Gora ba a yanke gora, sai wadda ta faɗi da kanta. A Dutsen Gwiwa ba a magana sam, kuma ba a waiwaye in an juya.

Kowane hani ka ba shi dalili daga rayuwar jarumin, ko da mutanen labarin sun manta dalilin. Wanda ya taɓa kasancewa a Idumota ta Legas ranar fitowar dodannin Eyo ya san yadda hani ke aiki: a cire takalmi, a cire hula, ba shan taba, ba hawa babur, wanda ya yi gardama sandar da ke hannunsu ta yi masa bayani. Ɗan kasuwar da ke tuɓe takalminsa ba lalle ya san asalin dokar ba, ya dai san ana yi. Haka mutanenka za su kasance. Mutum ɗaya a cikin ɗari ne zai iya bayani, shi ma wani zai ce ƙarya yake.

A nan zan ja kunne, don na ga an yi an sha ruwan zagi. Kada ka ɗauko ayyukan Hajji ka lulluɓa wa jaruminka. Kewaya ɗaki sau bakwai, fararen mayafai biyu, jifa da tsakuwa, rijiyar da ta ɓuɓɓugo a ƙarƙashin ƙafar jariri, duk ka bar su inda suke. Masu karatunmu Musulmi ne akasari, za su gane nan take, kuma suna da gaskiya in ransu ya ɓaci. Haka nan kada ka kwaso abin bautar maƙwabta da sunansa ka mai da shi abin tsoro a littafinka, muna zaune a garinsu, muna cin kasuwa ɗaya. Ka koyi yadda abin ke aiki, ka ƙera naka. Tun shafin farko kuma ka nuna cewa wata duniya ce, da mutanenta da jahilcinsu da hikimarsu, ba wa'azi kake yi ba.

Mataki na shida: wa ke ci a wurin?

Wannan ba sai an koya wa mazaunin Legas ba. Duk inda mutum goma suka taru, na sha ɗaya zai zo da tikiti. Bi mai ziyararka da lissafi: kuɗin fito, kuɗin masauki, na mai ajiye takalma, na ɗan jagoran da ya maƙale masa tun daga tasha yana "Baba, ni jikan mai tsaron ne." Sai tsaraba, don ba mai komawa gida hannu rabbana. A Kurmin Gora 'yan guntayen gora ake sayarwa a rataya wa yara a wuya. Tunda an hana yanka, wadda ke faɗuwa da kanta kuma ba ta taka kara ta karya ba, daga ina buhu-buhun da ke kasuwa ke fitowa? Daga wani daji can bayan gari. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Ka yanke shawarar kason sarki. In fada na karɓar ushiri daga abin da aka tara, to sarki zai so hanya ta yi kyau, zai kuma so tarihin jarumin ya nuna cewa shi jikansa ne. In ba ya samun komai, wata rana zai aiko da dakaru da sunan kare masu ziyara.

Mataki na bakwai: raba bakinsu

Labarin da kowa ya yarda da shi matacce ne. Ko na Bayajidda, ka saurari yadda ake kawo shi: 'ya'yan Bawo ɗan Bayajidda su shida da Biram su ne Hausa Bakwai, wato Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, zuriyar Karɓagari ɗan kuyanga kuma aka kira su Banza Bakwai. Ai ka san ba waɗanda aka kira banza ne suka raɗa wa kansu sunan ba. Masana tarihi da dama ma suna ganin labarin hoto ne na sauyin mulki daga hannun sarauniyoyi zuwa sarakuna maza, ba tarihin mutum guda ba. Duk da haka rijiya na nan, ana zuwa ana sha.

Shi ya sa na ba Mai Gora kabari biyu. Mutanen tsibirin gabas sun ce a wurinsu ya tsufa ya rasu, ga kabari dogo ƙafa goma sha biyu. Na yamma sun ce ƙarya ne, komawa ya yi neman ƙanwarsa ruwa ya ci shi, igiyar ruwa ta kawo musu gawar. Mai ziyara mai wayo yakan je duka biyun, a kowanne ya rantse bai je ɗayan ba. Akwai kuma wasu tsiraru, zuriyar waɗanda aka bari a wancan ƙetaren, da ke cewa ba jarumi ba ne, matuƙi ne da ya karɓi kuɗi ya ɗebi masu hali ya bar talakawa. Su ba sa ziyara. Ranar bikin ma rufe ƙofa suke yi.

Kai marubuci ka san gaskiyar a cikinka, amma kada ka yi saurin faɗa. Wataƙila ma har littafin ya ƙare.

Ka kuma sa mai adawa daga cikin gida: wani malami ko matashi da ke cewa duk wannan shafe-shafen dutse ɓata ne, jarumin da kansa bai ce a yi ba. Mun san irin wannan muhawara a garuruwanmu, mai karatu zai ji ta kamar a ƙofar gidansu.

Mataki na takwas: tsofar da wurin

Wuri ba ya zama yadda aka gina shi. Kusugu yanzu gini ne a kanta. Dutsen Olumo na Abeokuta, inda Egbawa suka ɓuya lokacin yaƙi, har na'urar hawa aka sa masa. Kurmin Osun ya lalace sosai kafin a farfaɗo da shi, da hannun wata 'yar Ostiriya, Susanne Wenger, da masu sassaƙa na garin, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. To ka ba wurinka shekaru hawa uku: abin da aka fara kafawa, abin da wani sarki ya ƙara don a yabe shi, da abin da gobara ko ambaliya ko yaƙi ya ci. Bango ya zama rabi tsohon jan laka, rabi sabon farin dutse da bai dace da shi ba, tsofaffi na ƙorafi cewa da can ya fi albarka.

Mataki na tara: shigar da shi labari ta idon mutum ɗaya

Duk abin da ka tara a sama, rubuta shi a littafin ajiya daban, kashi ɗaya cikin goma ne zai shiga labari. Kada ka tsayar da tafiya ka yi shafi biyar na bayani, a guruf nan take za a tsallake. Nemo mutum ɗaya mai buƙata, ka bi shi. Misali:

Inna ta ƙi yarda a ɗauke ta. Da rarrafe ta hau dutsen, ta lalubi ramukan nan biyu da suka yi santsi don shafa, ta zura gwiwoyinta. Sun yi mata yawa. Yaron da ke karɓar kuɗi ya ɗaga yatsu uku, alamar lokacinta ya kusa, don layi ya kai bakin ruwa. Ta buɗe baki za ta kira sunan ɗanta, sai ta tuna a nan ba a magana.

Ban ce dutsen na da tsarki ba, ban ba da tarihin ƙanwar Mai Gora ba. Wannan zai fito can gaba, a bakin wani matuƙi mai surutu, shi ma rabi daidai rabi ƙari.

In ka gama babin, karanta shi da ƙarfi ga wanda bai san labarin ba, ka tambaye shi abu biyu: in an sauke shi a wurin, ina zai fara nufa, kuma nawa zai riƙe a aljihu. In ya amsa ba tare da ya duba ba, wurin ya tsayu.

Bayan mako biyu ƙanen nawa ya dawo teburin mai shayi, ya ce a haɗa min da ƙwai uku a kansa. Ƙofofi saba'in sun koma ɗaya, ita ma sai an sunkuya. Zinaren ya tafi, sai wani tsohon sirdi da gara ta ci gefensa.

"Mai sharar fa?" na tambaye shi.

"Tsohuwa ce, Yaya. Gadon gidansu ne, ba a biyanta ko sisi."

"To da me take ci?"

Ya gyara zama, ya matso da wayar. "Ƙurar da ta share take ƙullawa a ganye, ta sayar wa masu ziyara a bakin ƙofa. Ranar da ƙura ta yi ƙaranci, jikanta ke ɗebo mata daga bayan kasuwa."